Haske a Ƙarƙashin Ruwan Tiga

Ina gaida manoman rani na Kadawa da Kura, da masu casar shinkafa na Tudun Wada, da direbobin da ke jiran fasinja a Kwanar Ɗangora, da mutanenmu na Riruwai da ke kama mu daga tsakanin duwatsu. Gaisuwa ta musamman kuma ga masunta da masu fito na bakin Tiga, domin zancen yau daga ruwansu zai taso.

Shekarun baya, a tsakiyar damina, na tsaya a gaɓar Tiga ranar da wani yaro ya tafi wanka bai dawo ba. Allah Ya jiƙansa. Aka kira masu nutso, dattijo ɗaya da samari biyu. Ba su da tukunyar iska, ba su da tabarau, abin da ke gare su kawai igiya ce da ake ɗaura wa mai shiga a ƙugu, ɗan'uwansa na cikin kwalekwale ya riƙe ɗaya bakin. In ya ja sau ɗaya, yana nan lafiya. In ya ja sau biyu, a ɗago shi. Iyakar maganar da ke tsakaninsu ke nan. Mu da ke gaɓa muka zuba wa hannun mai riƙe da igiyar ido kamar masu jiran ganin wata. Da dattijon ya fito ya zauna yana mayar da numfashi, na matsa na ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. Me kake gani a can ƙasa?" Ya share fuska ya ce, "Ɗana, gani kuma? Da ka wuce gaba guda ido ya gama aikinsa. Hannu ne idona."

Tun ranar wannan magana take cina. A aljihuna a lokacin akwai wayar da zan iya kiran Makka da ita, in ji muryar alhaji tangaran. Ga kuma mutum a ƙarƙashin ƙafafunmu, bai fi mita biyar ba, amma ba shi da hanyar ce wa ɗan'uwansa "matsa hagu" ko "na same shi". Wannan matsala ba ta Tiga kaɗai ba ce. Manyan ƙasashe masu jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku sun shafe fiye da shekara 100 suna kokawa da ita, har yau ba su kayar da ita ba. A yau ina so mu dubi sabuwar hanyar da masana suka sa wa rai, wato aika saƙo da haske a cikin ruwa ba tare da waya ba, mu ga inda take tuntuɓe, mu kuma ga ko tana da abin da za ta yi wa ruwa irin namu.

Mai sauraro zai ce, to rediyon da nake jin ka a ciki fa? Ai muryata ta ratso daji da dutse ta iske ka. Gaskiya ne, amma a cikin iska ta biyo. Ruwa kuwa shanye zangon rediyo yake yi. Ka sa wayarka a leda ka ɗaure ka tsoma ta a randa, kafin ta kai ƙasa sabis ya fara lilo. Ruwan teku ya fi tsanani, saboda gishirinsa na ɗaukar lantarki. Amurka sai da ta shimfiɗa eriya mai tsawon kilomita da yawa a dazukan jihohin Wisconsin da Michigan don ta riƙa taɓa jiragenta da ke can ƙasa, kuma saƙon da ke isa gare su bai wuce 'yan haruffa ba cikin mintuna, kusan dai a ce musu "ku taso sama, akwai magana". A shekarar 2004 suka rufe tashar.

Da rediyo ya gaza, sai aka koma ga sauti, kuma sauti na son ruwa. Duk yaron da ya taɓa nutso a kududdufi ya ji abokinsa na ƙwanƙwasa duwatsu biyu daga nesa, ƙarar kamar a cikin kansa. A shekarar 1826 wasu masana biyu, Colladon da Sturm, suka kaɗa ƙararrawa a cikin tafkin Geneva na ƙasar Suwizalan, suka auna, suka ga sauti na gudun fiye da mita 1,400 a daƙiƙa guda, wato ya ninka gudunsa a iska sau huɗu. Har yau da sauti ake yawancin sadarwar ƙarƙashin ruwa, kuma yana kai wa kilomita da dama. Aibinsa shi ne jaki ne, yana zuwa nesa amma kayansa kaɗan ne. Ɗauki hoto guda da wayarka ta ɗauka, mai nauyin megabait 3. Na'urar sauti mai tura kilobit 10 a daƙiƙa za ta yi minti 40 tana turo shi. Bidiyo kuwa sai dai a haƙura. Ga amsa-kuwwa, domin sautin na bugun ƙasan ruwa da samansa ya dawo ya haɗu da kansa, kamar lasifika biyu a masallacin Juma'a ɗaya na riga ɗaya.

Nan ne haske ya shigo. Kuma ku sani, haske ya riga ya daɗe yana yi mana dako a ƙarƙashin teku, sai dai a cikin waya yake tafiya. Waɗanda ke hulɗa da banki ko POS za su tuna ranar 14 ga Maris, 2024, da intanet ya yi ta ɗaukewa a Najeriya da maƙwabtanta, turin kuɗi ya riƙa maƙalewa. Abin da ya faru shi ne wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, da suka haɗa da MainOne da WACS, sun lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa. A cikin kowace irin wannan waya akwai zaren gilashi siriri kamar gashi, kuma abin da ke gudu a cikinsa haske ne, yana kunnuwa yana mutuwa sau biliyoyi a daƙiƙa. Kunnawa ɗaya, kashewa sifili, haka hotonka da muryarka ke ƙetare teku. To tambayar masana ita ce, in an cire zaren fa? Za a iya harba hasken tsirara a cikin ruwa, daga wannan na'ura zuwa waccan, ya kai saƙo?

Ana iyawa, kuma an yi. Tun a farkon shekarun 1960 aka tabbatar cewa ruwan teku mai tsabta yana cinye jan haske cikin 'yan mitoci, amma yana ƙyale shuɗi da kore su yi nisa. Shi ya sa teku ke da launin da yake da shi. Abin da ya rage shi ne fitilar da za ta ba da shuɗin haske mai ƙarfi ba tare da cin wuta ba, sai ga Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, sun samar da shuɗin ƙwan LED, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Farar tocilar nan da mai shayi ke ratayewa a teburinsa jikar wannan aiki ce, shuɗin ƙwai ne aka shafa masa wani sinadari ya koma fari. Wajen shekarar 2010 cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka ta nuna na'urar da ke tura miliyoyin bit a daƙiƙa a tazarar kusan mita 100. Kamfanin Sonardyne na Ingila ya mayar da ita haja mai suna BlueComm, wadda ke kai wa megabit 10 a daƙiƙa, zuwa nisan mita 150 in ruwan ya yi kyau. Hoton nan da sauti ya yi minti 40 yana ja, wannan za ta kawo shi kafin ka ƙirga uku. A Saudiyya kuma, a jami'ar kimiyya ta Sarki Abdullah da ke Thuwal a bakin Bahar Maliya, arewa da Jidda, masana sun tura fiye da gigabit guda a daƙiƙa a tazarar mita 20 da hasken lesa, sannan a 2020 suka fito da wani tsari da suka kira Aqua-Fi, suna fatan wata rana mai nutso ya turo bidiyo kai tsaye daga inda yake.

Abin sha'awa ne ƙwarai, ba na rage masa komai. Amma ku lura da sharaɗin da na saka a tsakiya: in ruwan ya yi kyau. Duk zancen a nan yake. Waɗannan manyan alƙaluma an same su ne ko dai a doguwar kwatarniyar gilashi a ɗakin gwaji, cike da ruwa garai-garai wanda ba ya motsi, ko kuma a can ƙasan teku mai zurfi inda babu laka, babu rana. Ruwan Tiga a watan Agusta wani abu ne daban.

Ku bi shi daga tushe. Kogin Kano na gangarowa daga tsaunukan kudu, ya ratsa dajin Falgore, yana tafe yana kwasar jar ƙasar gonakin Doguwa da Tudun Wada, da ruɓaɓɓen ganye, da takin da ruwan sama ya wanke. Kafin ya shiga tafkin ya zama kamar kunun kanwa. Ka tsoma hannunka zuwa gwiwa, ba za ka ga yatsunka ba. Kowane ɗigon lakar nan da ke yawo a ciki, in haske ya buge shi, sai ya kauce hanya. Direbobin hanyar Jos sun fi kowa sanin wannan. Ranar da hazo ya sauka da asuba a cikin Falgore, in ka ɗaga fitila zuwa babba ba ka ƙara gani, sai ma wani farin bango ya taso a gabanka, domin haskenka ne ƙurar ke watso maka a ido. Haka yake faruwa da fitila a ruwan laka. Ƙara mata ƙarfi ba ya warkar da ciwon, sau da yawa makantar da na'urarka kawai yake yi.

Masana sun auna wannan da alƙalami. A ruwan tsakiyar teku mai tsabta, in ka harba siririn haske, bayan mita 5 kusan rabinsa na nan a kan hanya. A ruwan tashar jiragen ruwa mai dauɗa, irin wanda aka auna a San Diego a farkon shekarun 1970, hasken na raguwa da rabi a duk kamar taƙi ɗaya da rabi, ta yadda bayan mita 5 ɗin abin da ya rage bai kai kashi 2 cikin 100,000 ba. Ba a hankali yake raguwa ba, rabi ne, sai rabin rabi, sai rabin wannan, kamar gadon da aka yi ta rabawa har jikoki suka tashi da tafin hannu. Wanda ya sayi na'urar da aka rubuta mata mita 150 a kwali ya kawo ta Tiga da damina, zai iya tarar da mita biyu ma ta fi ƙarfinta.

Akwai wani abu kuma da ya fi ba ni mamaki da na fara karanta shi. Shuɗin nan da ya zama sarki a teku, a ruwa irin namu shi ne farkon mutuwa. Ruwan da ya jiƙa ganye da itace yana ɗauke da wani rini mai ruwan shayi, kuma abincin wannan rini shi ne shuɗin haske. Ƙananan tsirran da ke sa ruwa ya yi kore su ma shuɗi suke sha. Don haka a tafkuna da koguna launin da ya fi nisa yakan koma kore, ko rawaya, har ma ja in dauɗar ta yi yawa. Ga shi kuma ruwan namu ba ya tsayawa a hali ɗaya. Na watan Agusta ja ne, na watan Janairu ya kwanta ya ɗan washe, na bazara ya ja baya ya yi ɗumi. Fitilar da ta dace da wannan wata ba lalle ta dace da na gaba ba. Injiniyan da ke zaune a Ingila ko Japan ba shi da dalilin da zai sa ya zauna yana tunanin wannan, ba ruwansa ba ne, kuma ba kasuwarsa ba ce.

A ce ma ruwan ya washe. Saura saiti. Hasken lesa siriri ne kamar tsinke, kuma dole ya faɗa daidai cikin idon na'urar da ke karɓa. Ka ba yara biyu madubi da tocila, ka sa kowanne a kwalekwalensa, iska na kaɗawa, ka ce ɗaya ya riƙa haska tsakiyar madubin ɗayan ba tare da ya kauce ba. Su ma masu Aqua-Fi sun faɗa da bakinsu cewa wannan ne babban abin da ke gabansu. In ka buɗe hasken ya bazu don kada ya kuskure, sai ƙarfinsa ya rabu, nisansa ya ragu. In ka matse shi don ya yi nisa, kifi ɗaya ya gitta sai saƙo ya yanke. Sannan shi kansa ruwan lanƙwasa haske yake yi. Masu nutso na cewa a lokacin zafi saman ruwa ɗumi ne, amma da ka sauka kaɗan sai ka ji sanyi ya kama ƙafarka. Inda ɗumi da sanyi ke cakuɗuwa, haske rawa yake yi, irin kawalwalniyar da kake gani a kan kwalta tsakanin Kwanar Ɗangora da Kafin Maiyaki da tsakar rana. Kumfar da injin jirgi ko faɗuwar ruwa ke tayarwa ita ma haka.

Rana ma abokiyar gaba ce a nan. Na'urar da ke jiran ɗan ƙyaftawar fitila daga nesa, in tana kusa da saman ruwa, hasken rana na rufe ta, kamar mai neman jin raɗa a tsakiyar kasuwar Tudun Wada ranar cinta. Shi ya sa waɗannan na'urori suka fi jin daɗin can ƙasan teku inda duhu ya yi duhu. Mu kuwa ruwanmu ba zurfin teku gare shi ba, ranarmu kuma kowa ya san ta.

Sauran matsalolin na jiki ne, kuma duk mai famfon ban-ruwa zai gane su. Gansakuka na kama gilashin na'ura cikin 'yan makonni ta dushe shi. Batir na ƙarewa, kuma babu mai sauka ya canza shi kowace safiya. Nauyin ruwa na ƙaruwa da kusan kilo guda a kan kowane fili mai faɗin farce a duk mita 10 da ka sauka, saboda haka ƙaramar kafa a jikin roba ta isa ta kashe kayan miliyoyi.

Wani zai ce, Malam, mu da ke fama da kuɗin taki, ina ruwanmu da fitilar ƙarƙashin teku? Ruwanmu a ciki shi ne Tiga kanta. An gina wannan madatsa tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Bangon ƙasa ne mai tsawon kusan kilomita 6 da tsayin mita 48, yana riƙe da ruwan da ya kusa kai kubik mita biliyan 2, a shimfiɗe a kan fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 178. Daga gare ta tumatirin Kadawa da shinkafar Kura da Bunkure da Garun Malam ke sha, daga kogin da take saki birnin Kano ke samun wani ɓangare na ruwan famfo, ga tashar lantarki mai megawat 10 da gwamnatin jiha ta gina a gindinta. Yanzu ta haura shekara 50. Fuskar bangon da ke kallon ruwa, da bakin bututun da ruwa ke fita, da lakar da ke taruwa a ƙasa shekara bayan shekara tana cin wurin ruwa, duk a ɓoye suke a inda dattijon nan ya ce ido ya gama aikinsa. Mutanen Bebeji ba sa bukatar a ba su labarin abin da madatsa ke yi in ta gaji, domin a ƙasarsu ta Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988. Mutanen Maiduguri sun ga nasu a watan Satumban 2024 da ta Alau ta fashe. Ga kuma rayukan da ruwa ke ci. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin fito ya kife a ruwan Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Waɗanda suka shiga neman su, da hannu suka laluba.

Saboda haka bukatar gani da ji a ƙarƙashin ruwa bukatarmu ce ta gaske. Inda nake da ja shi ne a kan wace hanya. Ra'ayina, kuma na daɗe ina juya shi, shi ne haske ba zai zama babbar hanyar sadarwa a ruwan Tiga ba, kuma kada mu bari ƙyalƙyalin sabon abu ya ja mu. Igiyar dattijon nan ba abin rainawa ba ce. Ƙaramar na'urar nutso mai kyamara da ake sarrafawa daga cikin jirgi, wadda ke ɗaure da waya, jikar igiyarsa ce, kuma a ruwa mai zurfin 'yan mitoci goma-goma waya ba ta da tsada, ba ta san laka ba, tana kuma kai wuta. Inda kyamara ta makance, akwai na'urorin da ke zana hoton ƙasan ruwa da sauti, irin yadda ake duba cikin mai juna biyu a asibiti. Har rediyon da muka sallama da farko, a ruwan daɗi marar gishiri yana ɗan taɓukawa fiye da teku in an sauke zangonsa ƙasa.

Allah Ya riga Ya ajiye mana aya a cikin kogunanmu. Masuntan Neja da tafkin Chadi sun san kifin da ake kira yauni, wasu su ce ɗan sarki, dogo mai ƙananan idanu. A farkon shekarun 1950 wani masani a jami'ar Cambridge, Hans Lissmann, ya lura wannan kifi na iya yin baya da baya ba tare da ya bugi komai ba. Da ya bincika sai ya gano yana fitar da wata 'yar wutar lantarki marar ƙarfi da ke kewaye jikinsa, da ita yake gane abin da ke kusa. Ba irin ta minjirya mai girgiza mutum ba, tasa ta lalube ce. Danginsa kuma da irin wannan wuta suke gane juna. Halittar da aka yi wa gida a ruwan laka ba ta dogara da ido ba.

To ina haske zai yi amfani? A taƙin ƙarshe. A ce an dasa na'urori a jikin bangon madatsa ko a ƙasan tafki suna auna motsi da taruwar laka, suna tara bayanai wata da watanni. Maimakon a ciro su, sai ƙaramar na'urar nutso ta je ta tsaya kusa da kowacce, tazarar mita guda ko ƙasa da haka, ta kwashe bayanan da ƙyaftawar haske cikin daƙiƙoƙi, ba tare da an jona wata waya a cikin ruwa ba. A wannan tazara ko ruwan laka na iya barin haske ya wuce. Masu bincike a duniya ma can suka karkata, suna haɗa biyun, sauti ya nemo hanya ya kai umarni daga nesa, haske ya ɗauki kaya mai nauyi in an matso.

Amma ko wannan ba za a tsara shi da ka ba. Sai an san mita nawa haske ke tafiya a ruwan nan a kowane wata, da launin da ya fi nisa, a bakin bango da kuma can inda kogi ke shigowa. Wannan aiki ne na Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, da Ahmadu Bello ta Zariya, tare da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai kula da madatsar. Ina kira ga malaman sashen lantarki da na kimiyyar lissafi da halitta, ɗalibin da zai yi aikin kammala digiri a kan sadarwar haske, kada a bar shi ya tsaya ga kwaikwayon ruwan tekun wasu a kwamfuta. A ba shi jarka ya je Tiga, ya je Ruwan Kanya, ya je tsoffin ramukan kuza na Riruwai, ya ɗebo. Bututun roba mai tsawon mita biyu, da ƙwayayen LED ja da kore da shuɗi da rawaya daga kasuwar Sabon Gari, da ɗan ƙaramin ma'aunin haske, sun isa a fara. Sakamakon da zai samu, masu ruwa irin namu daga Kainji har Bakolori za su amfana da shi.

Akwai ma abin da ya fi wannan sauƙi, wanda malamin kimiyya na sakandare a Tiga ko Tudun Wada zai iya yi da ɗalibansa. A 1865 wani masani ɗan Italiya mai suna Angelo Secchi ya zura farin faranti a cikin teku da igiya, ya rubuta zurfin da ya ɓace wa ido. Har gobe masana ruwa na amfani da wannan dabara. Ka samu murfin bokiti mai faɗin santimita 20, ka raba shi gida huɗu, ka shafa farin fenti da baƙi a jere, ka ɗaura masa ƙarfe a ƙasa don ya nutse, ka yi wa igiyar ƙulli a duk santimita 10. A nemi masunci mai kwalekwale, a sa wa yara rigar ruwa, a je wuri ɗaya da hantsi, a juya wa rana baya, a saki farantin a hankali har ya ɓace, a ƙirga ƙulli, a rubuta a littafi da kwanan wata. Sati mai zuwa a koma. Masuncin da ya kai ku ma ku tambaye shi, domin ya san makon da ruwa ke juyawa, ya san lokacin da karfasa ke ganin koma ta kauce da lokacin da ba ta gani, kuma wannan ma a rubuta shi a gefen alƙaluman.

Duk makarantar da ta fara, ta aiko mana da abin da ta samu, za mu karanta shi a wannan fili da sunan makarantar da zurfin da farantinta ya ɓace. Lokacinmu ya cika. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya tsare masu shiga neman su. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.